Ranar da Inna ta kori tsuntsayen Ingila

Ƙaramar ƙara ce, wadda da injin wanki yana aiki a lokacin da ban ji ta ba. Murfin kwano aka ɗaga, aka mayar. Ina tsaye a kicin, hannuwana cikin ruwan wanke-wanke, na jiyo ta daga falo: ƙwas. Juyowata ke nan daga ajiye wa Inna tuwonta. Tsakanin ɗagawar da mayarwar babu lokacin da mutum zai ce bismillah, balle ya kai loma baki.

Inna mahaifiyata ce. Bayan ta gama takabar Baba, ni da Yayana, wanda yake aikin likita a Manchester, muka haɗu muka ɗauko ta, a kan ta zo ta huta ta ga jikoki. Ya zama a wurina za ta zauna a Birmingham, don ni ce ba na fita aiki. A cikin kayanta, an naɗe cikin wani tsohon zani, na tarar da kwanon samira da ta yi shekara da shekaru tana zuba wa Baba abinci a ciki, mai zanen jajayen furanni, bakin murfin ya ɗan ɓantare. Ni da dabarata na ce bari in riƙa zuba mata a ciki, ko ganinsa zai sa ta kai hannu. Sai ta buɗe, ta duba, ta rufe. Tun daga ranar da na fara lura da wannan ƙarar, kunnena ya koma jiranta safe da rana da yamma, kuma ba ta taɓa saɓa mini ba.

Ba abinci kaɗai ta bari ba, har da magana. Tana salla a kan lokaci, a zaune, leɓɓanta na motsi. In na gaishe ta sai ta gyaɗa kai. Shayi take kurɓa, wani lokaci rabin kofin kunu, da dabino in na tsaya a kanta. Wanda bai san ta ba zai ce tsohuwa ce mai shiru-shiru. Mu kuwa da muka tashi a hannunta a ƙauyenmu na fadamar Hadeja, mun san matar da in ta kira yaro daga tsakar gida, na bakin kogi ma amsawa yake. Baba yakan ce shi murya ya aura. Wai yana saurayi, yana gonar shinkafar mahaifinsa, ya riƙa jiyo wata yarinya tana korar tsuntsu daga can ƙetaren ruwa, har aka gama girbi bai ga fuskarta ba, sannan ya je neman mai muryar. In ya faɗi haka sai Inna ta ce ƙarya yake, tuwon gidansu ya biyo.

A wurinmu korar tsuntsu ba wasa ba ce. Da zarar shinkafa ta fid da kai, ƙwayar tana da ruwa-ruwa kamar madara, sai jan-baki su zo. Ƙananan tsuntsaye ne, amma in suka taso tare sai ka rantse hayaƙi ne, kuma gonar da suka sauka a kai kafin azahar ta zama kara. Don haka ake kafa rumfa a kan gwafanni a tsakiyar gona, a ja igiyoyi ta kowane ɓangare, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Yara su hau tun da sassafe, suna jan igiya, suna ihu, suna wurga majajjawa. Shekarar da abin ya yi yawa har matan aure fita suke yi. Ni da Yaya duk mun hau rumfar nan, kuma mun sha ranƙwashi a kan barci.

Zuwan Inna ya faɗo a shekarun da gwamnati ta ɗaure aljihu, komai ana rage shi. Maigidana injiniyan hanya ne, council, wato ƙaramar hukumar da yake wa aiki, ta sallami sashensu, da ƙyar ya samu aikin kwangila a Manchester. Yana kwana a wani gidan haya a Fallowfield tare da ɗalibai 'yan ƙasarmu, mutum da furfurarsa yana layin banɗaki da samari, sai ƙarshen mako ya dawo mana. A Sparkhill, inda muke, akwai wani zaure da tsofaffin mata suke taruwa ranar Laraba, 'yan Somaliya da 'yan Pakistan, a ci abinci a yi hira. Na sa rai in kai Inna, ko zama cikin sa'anninta zai sake ta ko da ba ta jin yarensu. Ranar da na je tambaya na tarar da ƙofar a kulle, an ce kuɗin wurin ya ƙare. Na tsaya a bakin Stratford Road ina kallon motoci, ban san inda zan nufa ba, na sayi kuɓewa da ban da niyyar saya na koma gida.

GP, likitan unguwarmu, ya duba ta, aka ɗebi jini, aka yi hoton kai. Ba a ga komai ba. Na yi mata tofi a ruwan zamzam, na dafa duk abin da na san tana so, har fura na dama da gero da na samo da wahala. Ƙwas.

Sai wata rana Yaya ya kira ni bayan la'asar. Shi ne ɗan farin Inna, tsakaninsu akwai kunyar nan, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, shi ma in ya zo gaishe ta daga bakin ƙofa yake tsugunawa. Ya ce ya ga wuyan hannunta zuwan da ya yi na baya, abin ya hana shi sukuni. Mu kawo ta Manchester ranar Juma'a, ta kwana uku a gidansa, ranar Litinin zai yi magana a ba ta gado a sashen tsofaffi, a sa mata abinci ta roba in ta kama.

Na ce, "Yaya, wa zai juya ta ta fuskanci alƙibla? In ta ce ruwa, wa zai ji ta?"

Ya ce, "Ai ba ta cewa ruwan."

Gaskiya ya faɗa. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga Inna kwance cikin rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, babu ɗankwali, baƙin hannu yana juya ta, an ce lokacin ziyara ya ƙare in tafi gida. Matar da ko likita mace ce sai ta ja mayafi. Na san in ta shiga wurin nan a haka, ba da ƙafarta za ta fito ba. A sujada nake cewa, ya Allah, loma uku kawai, in gani da idona, in samu abin da zan faɗa wa Yaya.

'Yata ƙarama ita ce take kwana ɗaki ɗaya da Inna. Lokacin ba ta kai shekara goma ba. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, Turancin Birmingham da nakan ce ta maimaita. Malamarsu ta yi musu alkawarin kai su bakin teku su ga tsuntsaye, sai aka ce makaranta ba ta da kuɗin mota, aka fasa. Yarinyar nan ta ƙi haƙura. Ta aro littafin tsuntsaye a laburare, a 'yan kwanakin da ake buɗe shi, kullum ta dawo makaranta sai ta haye gadon Inna ta buɗe mata shafi-shafi tana kiran sunayensu. Inna tana kallon littafin kamar yadda ake kallon bango. Da yarinyar ta ji za mu Manchester, sai ta ce ai wurin da aka fasa kai su ba shi da nisa daga can, ta duba. Ta bi babanta a waya, ta bi kawunta. Yaya ne ya ce a kai ta ranar Asabar, a tafi har da Inna, iskar teku ba za ta cutar da kowa ba. Ni dai na gane yana so ne ya ba ni yini ɗaya da mahaifiyata a waje kafin Litinin.

Ranar Juma'a muka sauka gidan Yaya. Ranar Asabar ɗin na tashi bayan asuba na shiga kicin ɗin matar Yaya. Na yi wa Inna dambun shinkafa da zogale, na zuba a kwanon Baba, na naɗe da tawul. Na soya wa yarinyar waina, don ita ce abincinta, na zuba a wata roba daban. Matar Yaya ta dube ni ina ɗaure tawul ɗin, ta miƙo mini cokali.

Mu biyar a mota: maigidana yana tuƙi, Yaya a gefensa, ni da yarinyar mun sa Inna a tsakiya. Gari ya yi sanyi irin na ƙarshen shekara, sararin sama fari fat. Muka bar gidaje, muka shiga gonaki, sannan ƙasa ta shimfiɗe babu tudu ko ɗaya. Maigidana ya ce shi fa bai taɓa jin an ƙona mai don a je a kalli abin da ya kamata a soya ba. Yaya ya ce ya yi a hankali, mutanen nan sun fi ƙaunar agwagwa a kan injiniya, shaida kuwa agwagwa ba a sallame ta daga aiki ba. Suka yi dariya, sannan suka tuna da wadda take bayansu, dariyar ta mutu.

A bakin wurin akwai wani ɗan gini da ake sayar da shayi, suka ara mana keken tura marasa lafiya. Muka lulluɓe Inna da bargo a kan mayafinta. Hannuwanta sun yi sanyi ƙarara, sai na ɗora mata kwanon a cinya da ɗuminsa, na kwantar da tafukanta a kai, cokalin na soke a jikin tawul ɗin. Wata mata mai koriyar riga, ma'aikaciyar wurin, ta ce mun zo a sa'a, yau teku za ta cika sosai, ruwa zai koro tsuntsayen kusa. Ta ce abu ɗaya suke roƙo, in mun shiga bukkar kallo mu yi shiru.

Hanyar katako ce aka shimfiɗa a kan laka, ga dogayen ciyayi hagu da dama. Iskar tana da warin gishiri da ruɓaɓɓen ganye. Yaya yana tura keken, yarinyar tana gaba tana tsalle da littafinta. A ƙarshen hanyar ga bukkar, ta katako, an ɗaga ta a kan ginshiƙai, da gangare a maimakon matakala. Sai da na sa ƙafa na ji raina ya ce na san wannan tsayin, amma ban tsaya tunanin daga ina ba.

Ciki duhu-duhu. Dogon benci, da siraran tagogi a kwance da ake ɗaga murfinsu. Turawa ne zaune a jere, yawancinsu dattawa, kowa da madubin hangen nesa, wasu sun kafa manya a kan ƙafafu uku. Babu mai motsi. Sallama ta zo mini har baki, na haɗiye ta, na yi ta a zuci. Shirun nasu ya ba ni mamaki, ko a masallaci ana samun mai tari. Wata tsohuwa mai hular ulu ta matsa mana, ta ɗaga murfin tagar da ta yi daidai da tsayin keken Inna, ta yi mana murmushi.

Na leƙa. Fadama ce. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa har iyakar gani, ruwa ya ratsa ta ƙorama-ƙorama, ciyawar ta kai gwiwa, ta yi kai, ta fara ja kamar shinkafa ana saura kaɗan a yanka. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga wata fara kamar balbela tana tsintar abu a laka, ga agwagi birjik, ga wasu manya masu kama da dinya suna gunaguni. In ban da sanyin da kuma teku da take ƙyalli can nesa, da na ce bayan garinmu ne. Yarinyar tana ta jan hannuna tana raɗa mini sunaye, tana nuna shafi. Na saci kallon Inna. Idonta yana kan tagar, amma haka yake kan bango a gida, don haka ban sa rai ba.

Ruwan ya fara shigowa a hankali, ba igiyar ruwa ba ƙara, ƙoramun dai suka riƙa kumbura suna haɗewa. Sai can daga bakin teku wani abu ya tashi kamar hayaƙi. Ya miƙe, ya lanƙwashe, ya yi baƙi, ya juya ya yi fari, ya sake dunƙulewa. Ƙananan tsuntsaye ne, ba sa ƙirguwa. Na ji numfashin mutanen bukkar ya canja, madubai duka suka juya gefe ɗaya. Hayaƙin ya nufo mu, ya yi ƙasa, ya fara zuba a kan ciyawar da take gabanmu kamar ana zazzage buhu.

Ƙarar murfin na fara ji. Ƙwas. Na juyo, ga tawul a ƙasa, ga Inna a tsaye. Matar da sai na riƙe ta take zuwa banɗaki, ta miƙe ba ta dafa kowa ba, ta bar kwanon a kan keken. Murfin yana hannun hagu, cokalin yana dama. Ta zura hannuwan ta tagar, ta shiga kwaɗa cokali a murfi, ta buɗe baki.

"Hayya! Hayya! Ku tashi, 'yan banza, ku tashi!"

Muryar ce. Ta dushe, ta tsage a tsakiya, amma ita ce, wadda Baba ya ji daga ƙetaren ruwa. Bukkar katako ta ɗauka ta ƙara mata. Fadamar gaba ɗaya ta tashi sama, ƙananan da manyan, agwagi suna kuka, zalɓen ma ya kwashi ƙafafunsa ya bi su. Kafin ka ce me, babu komai a gabanmu sai ruwa da ciyawa.

Ba wanda ya motsa. Wani dattijo mai jar fuska ya ɗago daga madubinsa, bakinsa a buɗe. Yarinyata ta rufe fuska da littafi. Inna kuwa ta juyo tana haki, ta bi mutanen bencin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta sauke idonta a kan maigidana, surukin da ba ta taɓa yi wa doguwar magana ba tun da aka ɗaura mana aure.

Ta ce, "Ƙarti haka, kuna zaune, ana cinye wa bawan Allah gona kuna kallo? Har da ku?"

Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Inna." Ni kuwa na zauna a bencin, na toshe baki da mayafi. Ban san ko dariya nake ko kuka ba, na dai san alhamdulillahi nake maimaitawa.

Dattijon nan ya tattara kayansa, ya ce wani abu game da tafiyar da ya yi tun safe don wannan cikar ruwan, ya fita yana buga ƙafa. Wasu biyu suka bi shi. Ban ga laifinsu ba. Ma'aikaciyar nan mai koriyar riga ta iso da sauri, ta jiyo tun daga ginin shayi. Ba ta ɗaga murya ba, amma ba ta yi murmushi ba. Ta ce tsuntsayen nan daga ƙasashe masu nisa suka zo, a gajiye suke, in ruwa ya cika nan ne kaɗai wurin hutawarsu, duk tashin da aka sa su yi ƙarfinsu ne yake ƙarewa. Yaya ya ba ta haƙuri da irin Turancinsa na asibiti. Ya fara bayani, ya ce mahaifiyarsa ce, manomiyar shinkafa ce, ta daɗe ba ta yi magana ba. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Matar ta dubi Inna da murfinta a hannu, ta dube shi, ta ce to, amma don Allah kada a sake.

Inna ta tambaye ni me matar take cewa, ko ita ce mai gonar. Na ce mata ba gona ba ce, ciyawa ce kawai, an bar wa tsuntsaye wurin ne, mutanen nan kuma kallonsu suka zo yi. Ta ce kallo kamar yaya. Na ce kallo dai. Ta ce in sun gama kallon sai su kama? Na ce a'a, sai su tafi gida. Ta sake leƙa tagar, ta daɗe, ta ce ƙasa mai kyau haka, ga ruwa har ƙofa. Na ce ruwan gishiri ne, shinkafa ba za ta yi ba. Ta ce an gwada?

Tsohuwar nan mai hular ulu ba ta fita ba. Ta cire madubinta daga wuya ta miƙa wa Inna. Inna ta karɓa ta juya shi, ta kai ido ta baya, yarinyar ta sauke littafi daga fuska ta gyara mata, har yanzu tana kumbure-kumbure. Tsuntsayen sun fara dawowa kaɗan-kaɗan, can nesa da mu. Inna ta duba, ta janye kai da sauri kamar abin zai taɓa ta, ta sake dubawa. Ta ce wannan zalɓen ramamme ne, namu sun fi shi. Na ga hannunta na hagu yana matse murfin, sai na zare shi a hankali na mayar kan kwanon, na ce mu tafi kafin a kira mana 'yan sanda.

A hanyar katakon ta yarda ta zauna a keken, amma bakinta bai zauna ba. Ta ce sanyin garin nan na marasa imani ne. Ta ce wa ya ɗaura mata wannan bargon kamar gawa. Yarinyar ta gaya mini da Turanci cewa ba za ta taɓa iya dawowa wurin nan ba har abada, kowa ya gan mu. Inna ta nuna jikar tata ta ce me Baturiyar take cewa. Da na fassara mata sai ta ce, "Ke ƙawata, da ni da ke wa ya fi sanin tsuntsu? Ke a takarda kika gan su, ni na hana su abinci tun uwarki ba ta zo duniya ba." Yarinyar ta ce ai su waɗannan ba sa cin shinkafa. Inna ta ce haka suke cewa.

Da muka isa mota lokacin azahar ya yi. Maza suka shimfiɗa darduma a bayan motar, ni da Inna muka yi tamu a ciki. Bayan ta shafa addu'a ta zauna shiru, shirun ya yi tsawo, har tsoro ya fara dawo mini, na ce ko abin ya zo ne ya wuce. Kwanon yana cinyarta. Maigidana ya buɗe ƙofa zai shiga mazauninsa, ya hango hannunta a kan murfin ta madubi. Ya san Inna ba za ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ko da lafiyarta ƙalau. Sai ya ce shi tayar baya ba ta yi masa ba, bari ya duba, ya ja Yaya suka koma can bakin shinge, suka juya mana baya. Suna tsaye cikin iskar nan, hannuwa a aljihu, mutum biyu suna duba tayar da take nesa da su.

Ta ɗaga murfin. Na kau da kai na kalli taga, ina jira in ji an mayar. Ban ji ba. Abin da na ji bismillah ce, ƙasa-ƙasa. Cokalin ta ajiye gefe, ta sa hannu. Ta ce dambun ya huce, kuma wanda ya yi shi yana tsoron mai. Na ce ni ce. Ta ce ta sani. Na ƙirga loma uku da na roƙa, daga nan na daina ƙirgawa, don idona ya cika ba na gani sosai.

Ba zan ce Inna ta warke a ranar ba. An sha fama bayan nan, akwai kwanakin da ta koma shirunta, akwai ranar da ta kama kwanon ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Baba. Amma ba ta kwanta a asibiti ba, kuma da lokacin komawarta gida ya yi da ƙafarta ta hau jirgi, tana yi wa Yaya faɗa ta bakina a kan nauyin kaya. Duk wanda ya zo gaishe ta a ƙauye sai ta ba shi labarin ƙasar da ake ware wa tsuntsu fadama, ƙarti su zauna gadinsa.

A ranar dai, na buɗe ƙofa na fita na same su a bakin shinge. Hancin Yaya ya yi ja don sanyi. Bai juyo ba ya ce, tana ci? Na ce tana ci. Ya ce da yawa? Na ce har tana kushewa. Ya sauke numfashi, ya ce maganar Litinin mu bar ta tukuna, a ga yadda mako zai yi, amma in riƙa gaya masa komai. Maigidana ya ce shi dai a taimaka a gaya masa in an gama, yatsunsa sun daina jin komai, kuma an riga an kira shi ƙato yau, ba ya son ƙari.

Muna tsaye muna kallon fadamar daga nesa, hayaƙin nan ya sake tashi, ya juya, ya sauka abinsa babu mai korarsa. Sai na ji an sauke gilashin mota a bayanmu. Yarinyar ce ta leƙo da kai, ta ɗago robarta tana nuna mini cikinta, fuskar nan a haɗe. Da Hausa ta yi maganar, Hausarta mai ɗanɗanon Birmingham.

"Mama, Inna ta gama nata, kuma ta cinye mini wainata duka."